Ɗan Rundawan da Ya Ajiye Wuƙa

Gidan rundawa aka kai ni aure. A Sakkwato in ka ce rundawa kowa ya san mahauta kake nufi, kuma gidan surukina tun kaka da kakanni ba su san wata sana'a ba sai fawa. Ni 'yar masu sayar da hatsi ce, na taso ba mu ganin nama sai ranar Juma'a. Wata guda na yi a gidan na murje, har innata ta riƙa yi mini dariya. Mijina shi ne na biyu a 'ya'ya maza, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi iya fiɗa. Kafin ka gama alwala ya raba akuya da fatarta, ba tsaga ko ɗaya.

'Yarmu ta fari tana rarrafe aka fara yaƙin basasa, ya bi abokansa ya shiga soja. Yaƙi ya ƙare bai dawo ba, aka yi ta yawo da su daga wannan bariki zuwa wancan, sai wasiƙa jefi-jefi. Bai dawo gida gaba ɗaya ba sai da yarinyar ta shiga makarantar boko. Lokacin kuɗin man fetur sun cika ƙasa, sojoji na mulki, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, 'yan kwangila sun yi yawa kamar ƙasa. Wanda bai taɓa sayen tsoka ba ya koma sayen cinya. Surukina da babban ɗansa ba su taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Ga kuma gwaninsu ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, ba tabo ko na ƙaya. Muka yi ta hamdala.

Kwanansa bakwai da dawowa, surukina ya kira shi zaure ya miƙa masa wuƙarsa a cikin kube.

"Ga ta nan," in ji shi. "Tun ran da kat tahi ba wanda yat taɓa ta. Gobe ka bi wanka kwata."

Washegari ya bi wan nasa zuwa mayanka. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi ya shigo gida ba takalmi, rigarsa jiƙe da zufa. Ya wuce ɗaki ya kwanta ya juya fuska bango. Daga baya wansa ya ba da labari. An kayar da sa, an ɗaure, ya dafa kan ya ɗora wuƙa, sai ya tsaya. Aka yi ta jiransa. Can ya ajiye wuƙar a ƙasa a hankali, ya zagaya bayan katanga ya yi ta amai, daga nan ya kama hanya.

Da rana na kai masa tuwo da miyar kuka, na tsame masa tsoka uku masu kyau. Ya duba kwanon ya ture.

"Ba ni ci."

"Ba ka lahiya na, Maigida. Ka daure ko loma biyu."

"Ki yi min wata miya. Kar ki sa komi mai rai ciki."

Na ɗauka abin kwana biyu ne. Mako ya wuce, wata ya wuce. Daga nama ya koma ƙin kifi da ƙwai. Wata rana na dama masa fura da nono mai kauri, ya ce in ƙara dama wata da ruwa da tsamiya. Na tambayi dalili, ya ce ya ga yadda ake ɗaure ɗan maraƙi nesa da uwarsa yana kuka har a gama tatsa. "Nonon maraƙi na, ba nawa ba." Zuma kuwa ya ce sai an ƙone masu ita da wuta ake samunta. A gidan da ƙamshin tsire ke tashi tun daga zaure, ni na koma dafa tukunya biyu, ɗaya da man gyaɗa da daddawa kawai.

Da abin ya tsaya ga abinci da da sauƙi. Sai ya koma tafiya kansa a ƙasa yana duba inda zai taka. In ya buɗe randa ya tarar kiyashi sun faɗa, sai ya ɗauko tsinke ya riƙa tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a inuwa, ya tsuguna yana jira su motsa. Na taɓa ɗaga takalmi zan buge kyankyaso, ya riƙe mini hannu da ƙarfin da bai taɓa riƙe ni da shi ba. Ya ce, "Dubi yadda shika gudu. Wa ka gudu in bai jin tsoro?"

Wansa ya ce iska ce ta shige shi a dajin kudu, a kai shi inda ake sa wa mahaukata mari a ƙafa. Na tsorata, na tafi da kuka wurin kawuna, wanda malami ne mai karantar da manya. Ya zo da kansa, ya zauna da mijina a gaban surukina.

"Ka ce nama haramun na?" in ji kawu.

"A'a, Malam. Halal na. Ni dai ba ni iyawa."

"Kana salla?"

"Ina yi."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ga surukina ya ce wannan ba mahaukaci ba ne, kuma wanda ya bar halal bai haramta wa kowa ba, ba a ɗaure shi. Amma kafin ya tashi ya dafa gwiwar mijina ya ce, "Tausayin ƙwaro abu na mai kyau. Sai dai ciyar da iyali wajibi na. Kar ka manta."

Ba a sa masa mari ba, amma zaman gidan ya gagara. Surukina ya ce a gidan nan da wuƙa ake ci, kuma ba zai zauna da ɗan da ke kau da kai in an wuce da tiren nama ba, kamar ubansa ɓarawo ne. Muka tattara muka koma Runjin Sambo. A lokacin unguwar rabi gidaje ce rabi gonaki, muka sami ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a can ƙarshe.

Aiki ba wuya a shekarun nan, ko'ina gini ake yi. Ya sami leburanci a inda ake gina wasu ofisoshi, muka ɗan numfasa. Wata na biyu aka zo haƙa harsashi aka ci karo da suri babba. Helma, shugaban leburori, ya ce a fasa a zuba kalanzir a sa wuta, don kada gara ta ci katako. Mijina ya tsaya a gaban surin ya ce a ba shi yini ɗaya ya kwashe su da kwando ya kai daji. Leburori suka fashe da dariya. Helma ya sallame shi nan take, aka sa wutar yana tsaye. Ya sami wani wurin, nan ma bai daɗe ba. Labari ya bazu, yara suka sa masa Kofur mai tururuwa, 'yan kwangila suka daina ɗaukarsa.

A cikin haka na haifi ɗa namiji. Ranar suna kawu ne ya aiko da rago, aka yanka a gidan maƙwabta, uban jariri yana can bayan gari.

Ban san yadda zan kwatanta yunwa a lokacin wadata ba. Maƙwabta na shigo da rediyo da babur da fanka, ni ina fita da kwanonin aurena ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Na sayar da gadon ƙarfe. Ruwan nono ya ja baya, yaron ya riƙa tsotsa yana saki yana tsala ihu. 'Yata ta dawo daga makaranta wata rana ta tsaya a bakin murhu mai sanyi, sannan ta je ta sha ruwa ta kwanta. Shi kuwa kullum yana fita da sassafe neman dako a kasuwa, wata rana ya dawo da gero mudu guda, wata rana hannu rabbana.

Wata maƙwabciyata, bazawara mai sana'ar fara, ita ta ce in zo mu haɗa hannu. Matan ƙauyukan wajen Wamakko ke kamo ta da asuba lokacin da sanyi ya hana ta tashi, su cika buhu su kawo gari da ranta. A tafasa ruwa a juye ta ciki, a tsame, a cire fukafukai da ƙafafu, a shanya, sannan a soya da gishiri da yaji. Tana tafiya kamar me. Na shiga sana'ar ban gaya masa ba. A gidanta nake yi, in wanke hannu da toka kafin in dawo. Murhunmu ya sake ganin wuta. Ya tambaye ni sau ɗaya daga ina, na ce surfe nake yi wa mutane.

Ranar da asiri ya tonu, maƙwabciyar ta tafi biki ta kulle gida, sai aka sauke buhun a nawa. Na ce kafin azahar na gama. Na ɗora babbar tukunya, ruwa ya fara tafasa, sai na ji sallamarsa. Bai sami dako ba ya dawo da wuri.

Buhun na jingine da bango yana motsi. Ya tsaya ya saurara. Ni da na yi watanni ina wannan aiki ban taɓa lura da ƙarar ba, wani ƙaras-ƙaras marar yankewa, dubban ƙafafu na karce buhu daga ciki. Fuskarsa ta canza. Ya dubi tukunya, ya dube ni.

"Mi za ki yi da su?"

"Abin da ka ci jiya da shekaranjiya, da su anka saye shi."

Ban san inda na samo bakin faɗar haka ba. Ya tsuguna ya ɗan kwance bakin buhun, ya zaro ɗaya, ya riƙe ta a tafin hannu ya matso da ita kusa da fuskata.

"Duba cikinta. Kin ga tana numhwashi? Duba, hannu takan sa ta share ido, kamar yadda kika share wa yaro."

Na gani. Cikin na kumbura yana sauka, ƙafar gaba na shafa kai.

"Na gani," na ce. "To shi wancan da ke ɗaki ba ya numfashi?"

Ya mayar da ido kan buhun. Can ya fara magana da wata murya ƙasa-ƙasa, bai kalle ni ba. Ya ce a yaƙi akwai ranar da suka tara mutane a wani ɗakin ajiya mai ƙofar kwano, aka ce su rufe su tsare. Ba taga, rana na dukan rufin. Aka sa shi gadin ƙofa. Da farko ihu suke, daga baya suka koma bugu, daga baya sai karce ƙofar kawai yake ji da farce. Ya ce yana da hannu, sakatar na kusa da kafaɗarsa, bai zare ba don ba a ba shi umurni ba. Da aka buɗe washegari ba duka suka fito ba.

"Irin wagga ƙara ta," ya ce, ya nuna buhun da haɓa. "Ita nika ji. Ko a kwata ita naj ji."

Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ya yi mini maganar yaƙi. Da ni wata ce da na rungume shi. Amma yaro ya farka yana kuka a ɗaki, itacen da na saya na ci a banza, kuma in fara ta mutu a buhu ta lalace ba mai saye. Na ce masa, "Matsa." Bai hana ni ba. Ya buɗe hannu wadda ya riƙe ta tashi ta haye katanga. Na ɗaga buhun na juye a tukunya na danna murfi da hannu biyu. Suka riƙa bugun murfin daga ciki, tas, tas, tas, ina jin bugun a tafin hannuna, har ya ragu, har ya tsaya. Ina kuka ina dannawa. Da na waiga ya fita.

Ya daina cin abincina. Sai ya sayi rogo ko gyaɗa a hanya in ya samu. Ni kuma na ci gaba da sana'a, yanzu a fili. Muna ɗaki ɗaya ba mai ce wa wani kanzil sai gaisuwa.

Damina ta sauka, kududdufai suka cika, sauro ya yi yawa a unguwa. Wata safiya duba-gari ya zo da masu feshi, suna bi gida-gida da tankuna a baya. Aka ce kowa ya fitar da abinci da yara. Ina cikin kwashe kwanoni mijina ya tsaya a ƙofa ya buɗe hannuwa. Ya ce maganin ba sauro kaɗai yake kashewa ba, har zanzaron da ya yi gida a kan dangarama, har gizo-gizo, har tsaka. Ya ce zai riƙa yi mana fifita, zai toshe ramuka, zai sayi gidan sauro in ya sami hali. Duba-gari ya yi masa faɗa, ya ce gwamnatin soja ba ta wasa. Ya ce shi ma soja ne. Suka gaji suka wuce gaba. Na zauna a tsakar gida na rasa ko hawaye.

Bayan mako uku zazzaɓi ya kama yaron. Yana da shekara ɗaya da rabi, ya fara cewa "Inna" da "ruwa". Kwana biyu ina jiƙa masa saiwa ina shafa masa ruwa. Rana ta uku da la'asar ina goye da shi sai na ji ya sanƙare. Na sauke shi, idanu sun juye, haƙora sun datse, hannu da ƙafa na fizga. Na fita titi da gudu ba mayafi. Wani mai motar yashi ya tsaya ya kai mu asibiti. Uban ya iske mu can, ƙurar kasuwa har gira.

A barandar asibiti, gaban mutane, na ci kwalar rigarsa.

"Ga shi nan! Je ka gaya wa zanzaronka! In ya mutu kai ka kashe shi, kamar waɗancan!"

Na san abin da na faɗa. Na ɗauki abin da ya ba ni amana na soke shi da shi. Bai ɗaga hannu ba, bai kare kansa ba. Ya zame ya zauna a ƙasa.

Kwana tara muka yi. Yaron ya rayu. Sai da muka dawo gida na lura in na kira shi daga baya ba ya waiwaya. Na buga kwano kusa da kunnensa, bai ko ƙifta ba. Likita ya ce zazzaɓi in ya hau kai yakan yi haka. Kalmomi biyun nan da ya iya suka bi ruwa.

Gaskiya ita ce a gidajen da aka yi feshi ma yara sun kwanta, har an rasa biyu a layinmu. Ban san ko da an fesa namu da ya tsira da jinsa ba. Na yi shekaru ina juya wannan a raina ban sami amsa ba. Shi bai tsaya neman amsa ba. Washegarin dawowarmu ya tafi da ƙafa har ofishin duba-gari ya roƙe su su dawo. Ya fitar da kaya da hannunsa, ya tsaya a waje yana kallo aka feshe ɗakunan lungu-lungu. Da yamma ya ɗauki tsintsiya ya share. Abin da ya tara ya kusa cika ƙwarya: kyankyasai, ƙudaje, gizo-gizo a dunƙule, zanzaron nan, da tsaka biyu. Ya haƙa rami a gindin katanga ya zuba ya rufe. Na tsaya a bayansa da yaro a hannu.

"Na zaɓa," ya ce. "Amma kar ki ce min ba su ji ba."

Ban ce ba. Na riga na san sun ji.

Na yi yaji bayan wannan, na kwashe yara na tafi gidanmu, na yi wata biyu. Ba wanda ya zo biko sai shi kaɗai, kullum ya zo ya zauna a zaure ya ɗauki yaron a cinya, ya kama ɗan hannunsa ya ɗora a maƙogwaronsa yana magana don ya ji rawar murya. Ranar da na ga yaron ya yi dariya na ɗaure kayana na bi shi.

Kawu ya nema masa ɗan lambu a fadama wajen Wamakko. Ya riƙa noman albasa da tumatir da alayyafo, ba ya sa magani, tsutsa na cin rabi muna cin rabi. Da hannu yake tsince su ya kai bakin ruwa. Ba mu taɓa yin arziki ba. Shekarun kuɗin suka zo suka wuce ba mu ga komai ba sai a hannun mutane. Fara kuwa na ƙara shekara guda ina soyawa sannan na bari. Ba don ya hana ni ba. Kau da kai na riƙa yi duk lokacin da zan danna murfi, har wata rana na ƙone da ruwan zafi, na ce ya isa. Na koma ƙuli-ƙuli. Nama dai ina ci har gobe in na samu, ba zan yi ƙarya ba.

Yaron ya girma ya koyi ɗinki, yana da shago a unguwar Mabera, da hannu yake ciniki kuma ba a cutarsa. 'Yar ta yi aure ta hayayyafa. Har surukina ya rasu magana mai tsawo ba ta sake shiga tsakaninsa da ɗansa ba.

A ciwonsa na ƙarshe mijina ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, a ba shi romo da hanta. Na roƙe shi, 'yarsa ta roƙe shi, ya girgiza kai. Sai na sayo ƙashi na dafa a gidan maƙwabta don kada ya ji ƙamshi, na tace romon sau biyu, na kaɗa miyar kuka da shi, na cika daddawa. Na tallafo kansa na ba shi cokali ɗaya. Ya riƙe a baki. Ɗan rundawa ne, ba a ɓoye masa nama. Ya ɗago ido ya dube ni, na ga ya gane, shi ma ya ga na san ya gane. Na ce, "Don Allah, Maigida. Don ni." Ya haɗiye.

"Na sha naki," ya ce. "Kar ki ƙara."

Na kai kwanon waje na dama masa kunun tsamiya. Ya sha rabi. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya, ranar wata Laraba da hantsi ya cika, ɗansa na riƙe da hannunsa.